Batirin Tsohuwar Mota: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Rumfa

Sana'ata wayarin mota ce, kuma rumfata tana wani ƙauye a gefen hanyar Ringim zuwa Gujungu. A nan wajenmu tsohuwar mota ba kayan ado ba ce kawai. Akwai akori-kura ƙirar Peugeot 504 da har gobe suke ɗaukar buhunan riɗi da zoɓo zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, akwai Land Rover da aka gada daga kakanni, akwai kuma samarin da suka fara sha'awar sayen tsohon bodi su dasa masa babban inji su yi masa fenti. Duk waɗannan mutanen tambaya ɗaya suke fara kawo mini, wato wane batir za su saya. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na amsa su yadda nake amsawa in mutum ya zauna a kan bencina.

Malam, 504 ɗin mahaifinmu muka tayar bayan ta yi shekaru a ajiye. Wane batir za mu sa mata?

Kafin ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano da kuɗi a aljihu, buɗe bonet ka duba abubuwa huɗu: faɗi da tsawo da tsayin mazaunin batirin, ɓangaren da jar waya take, abin da yake yi wa batirin caji, da kuma irin injin da ke ciki yanzu. Na ce "yanzu" domin 504 ɗin da aka fara haɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna tun 1975 kaɗan ce ta kawo yau da injinta na asali ba a taɓa shi ba.

In injin fetur ne mai silinda huɗu, wanda bai wuce lita biyu ba, batir mai bolt 12 da ke tsakanin amfiya 55 zuwa 65 ya ishe shi, har da rara. In na dizal ne, sai ka haura zuwa 75 ko 100, domin dizal matsi ne yake kunna shi, kuma kafin ma a buga kik, wato na'urar da ke murza inji ya tashi, akwai hita da ke zuƙar wuta. Ka auna mazaunin da igiya ko da karan dawa ka tafi da shi kasuwa. Kada ka ji kunya. Na ga wanda ya dawo daga Kano da batir mai kyau, bonet ya ƙi rufuwa.

Me ake nufi da lambobin da ke jikinsa? Mai shago ya ce mini wannan "75 ams" ne.

Lambobi biyu ne masu amfani. Na farko wanda aka rubuta Ah a gabansa, shi ne 'yan kasuwa suke kira ams. Wannan girman rumbun ne. Batir mai 60 zai iya ba da wuta amfiya 3 na tsawon awa 20 kafin ya kwanta, haka ake auna shi a masana'anta.

Na biyu shi ne wanda aka rubuta CCA. Wannan ƙarfin bugu ne lokaci guda: yawan wutar da batir zai iya fitarwa na daƙiƙa 30 a cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba. To ka ji inda aka yi wannan ma'auni, ƙasashen ƙanƙara ne. A Jigawa ko a tsakiyar hunturu, lokacin da ake hura wuta da asuba a ƙofar masallaci, sanyinmu bai kusanci haka ba. Saboda haka kada wani ya karɓi kuɗinka da yawa don lambar nan ta yi girma. Tana da amfani ga mai dizal da mai babban inji, amma ga ƙaramin injin fetur matsakaiciya ta wadatar.

Za ka kuma ga suna irin N50 ko N70 ko NS60, ko kuma wanda ya fara da DIN. Wannan ƙirar akwatin ce. Masu N ƙirar Japan ne, dogaye ne, kawunansu a tsaye a sama. Masu DIN ƙirar Turai ne, gajeru, kawunansu sun ɗan nutse a kafaɗa. Motar Turai mai ƙaramin fili tsakanin batir da bonet ta fi son na biyun. Harafin L ko R da ke ƙarshe yana nuna ɓangaren da kan jar waya yake. Ka ɗauki wanda ya dace da wayoyinka, kada ka zo kana jan waya kamar ana ja-in-ja da akuya.

Ba gara in sayi mafi girma ba, in huta gaba ɗaya?

Babban batir ba ya ƙona mota, wannan kam ka kwantar da hankalinka. Kik yana ɗiban abin da yake bukata ne kawai. Matsalar tana wajen mayar da abin da aka ɗiba. Ka ɗauka kana da katuwar randa amma ƙaramar guga gare ka, kuma sau ɗaya kake zuwa rijiya a rana. Randar kullum a rabi za ta zauna. Batir kuwa ba abin da ya tsana kamar zama a rabi. In ya daɗe haka, wani farin gishiri yana kama farantan dalmar da ke ciki ya ƙafe, daga nan ko an kai shi caji ba ya ƙara ɗaukar wuta kamar da. Sai ka ga mai batirin 100 yana neman masu tura shi, maƙwabcinsa mai 60 yana tashi bugu ɗaya.

Ina jin ana cewa dainamo da altanato. Ya shafi batirin da zan saya?

Ya shafe shi fiye da komai, kuma nan ne yawancin mutane suke yin asara.

Tsofaffin motoci, irin su 404 na farko-farko, da Volkswagen ƙirar kunkuru, da Land Rover na shekarun 1960, da dainamo suka zo. Dainamo doguwa ce kamar kik, wutarta kaɗan ce. Wadda kamfanin Lucas na Ingila ya riƙa sa wa Land Rover amfiya 22 take bayarwa in ta ƙure. Sannan in mota tana sulo, kusan ba ta cajin komai, sai an taka totur. Altanato kuwa gajere ne mai ƙiba, yana caji ko mota na tsaye tana sulo, kuma wutarsa ta ninka ta dainamo.

Kowannensu yana da ɗan akwatin da ke daidaita yawan wutar da za ta shiga batir, mu muna ce masa regileta ko kat'awut. Na tsofaffin motoci mai ƙarfen maɓalli ne a ciki, yana buɗewa yana rufewa, kuma in ya tsufa sai ya rikice. Ko dai ya bar wuta ta yi yawa ya dafa batirin, ko ya hana ta ya bar shi da yunwa.

Gwajin ba shi da wuya. A sa mitar auna wuta a kan batir mota na aiki, a ɗan taka totur. In ka ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4, lafiya ƙalau. In ya haura 15, ana dafa maka batir. In bai kai 13 ba, ba a ciyar da shi. Wani Alhaji daga wajen Taura ya zo mini da batir na uku cikin shekara guda, yana ta tsine wa masu shago, wai duk jabu suke sayar masa. Muka sa mita, sai ga bolt 16 da ɗoriya. Akwatin batirin har ya kumbura, ruwan ciki ya ƙafe, wajen yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce masa ranka ya daɗe, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Regileta muka canja, kuɗinsa bai kai rubu'in na batir ɗaya ba.

Don haka ka gwada cajin motarka kafin ka ɗaura sabon batir, ba bayan ya mutu ba.

Mai murfi da ake zuba wa ruwa, ko rufaffe da ba a taɓa shi?

In motarka tana da dainamo ko tsohon regileta, ni mai murfi nake ba da shawara. Dalili kuwa, yana da haƙuri. In caji ya ɗan yi yawa ruwansa ne zai ragu, ka buɗe ka ƙara, ya ci gaba da aiki. Rufaffen kuwa shi ma ruwan ne a cikinsa, kuma zafinmu na watan Afirilu, da ake haura digiri 40 a inuwa, yana ƙafar da shi, sai dai ba ka da ƙofar da za ka mayar.

In kuma an riga an sa wa motar altanato na zamani mai regileta a cikinsa, kuma ka san kanka ba mai buɗe bonet ba ne, to ɗauki rufaffen. Mai murfin da aka manta da shi ya fi rufaffe saurin mutuwa.

Akwai wani da ake rubuta AGM a jikinsa. Shi ruwan a jiƙe yake cikin wani auduga na gilashi tsakanin farantai, ba ya zuba ko an karkata shi, kuma yana jure gargada sosai. Yana da tsada, kuma ba ya yafe cajin da ya wuce ƙima. Ya dace da motar da aka sabunta wa wayarin gaba ɗaya.

Na litiyom fa? An ce ba nauyi.

Gaskiya ne, bai kai rabin nauyin na dalma ba. Masu tseren mota a Amurka da Turai suna sonsa don kowane kilo yana da lissafi a wajensu. Kai da za ka ɗora buhu goma na gero a baya, rage kilo goma bai ƙare ka da komai ba. Yana kuma son caji mai tsari, tsohon regileta na iya lalata shi. Ka bar shi.

Kawu, kunkurun kakanmu batirinta murfi uku ne, ba shida ba. Me ke nan?

Bolt 6 ce. Kowane ɗaki a cikin batir yana ba da bolt 2 da ɗigo 1, saboda haka ɗaki uku bolt 6, ɗaki shida bolt 12. Volkswagen sun koma bolt 12 a yawancin kunkurunsu wajen 1967, don haka waɗanda aka haɗa a Legas daga 1975 masu 12 ne. In taku mai 6 ce, ta girmi waɗannan, kun riƙe abu mai daraja.

Batir mai bolt 6 na mota yana da wuyar samu a kasuwanninmu yanzu. Hanya biyu ce. Ko ku nemo shi ku bar motar yadda aka ƙera ta, ko ku mayar da ita 12 gaba ɗaya. Gaba ɗaya na ce: ƙwayayen fitilu, kwal, dainamo da regiletarta, abin sigina, ham, da motar waifa. Kik ɗin bolt 6 yakan jure 12 na wani lokaci in ba a daɗe ana murza shi, sauran kuwa nan take suke ƙonewa. Kada wani ya ce muku a ɗaura mai 12 kawai a gani.

In kun bar ta a 6, ku kula da kaurin waya. Bolt 6 yana bukatar wuta ninki biyu kafin ya yi aikin da 12 zai yi, don haka wayarsa mai kauri ce ƙwarai. Da yawa daga cikin masu kuka cewa mota mai bolt 6 ragguwa ce wajen tashi, siririyar wayar wata mota aka sa musu.

Wani abu kuma game da kunkuru: batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake. Kujerar tana da wayoyin ƙarfe a ciki. In ta tsufa ta lotsa, aka samu mai jiki ya zauna, ƙarfen na iya sauka a kan kawunan batirin. Motoci sun ƙone ta wannan hanya. Kada batirin ya fi mazauninsa tsayi, kuma a rufe kan jar waya da roba mai kauri.

Land Rover ɗina jar waya ce aka ɗaure a bodi. Kuskuren bakanike ne?

Ba lallai ba. Motocin Ingila da yawa haka aka ƙera su har tsakiyar shekarun 1960, Land Rover ma sai wajen 1967 suka juya. Batirin iri ɗaya ne, ɗaurin ne ya bambanta. Kada ka yarda da launin waya a tsohuwar mota, hannaye da yawa sun bi ta kanta. Ka dubi kan batirin: mai alamar tarawa ya fi mai alamar ɗebewa kauri. Ka lura da wanda ke tafiya bodi kafin ka kwance tsohon. In an sa wa motar altanato ko rediyon zamani aka juya kawunan, kafin ka ƙifta ido hayaƙi ya tashi.

Mun cire injin asali mun dasa babba. Batirin da ke ciki zai ɗauka?

Wannan ita ce tambayar samari, kuma ina jin daɗinta. Na ga tsohon bodi da aka sa wa injin Toyota mai silinda takwas, na ga wanda aka sa wa dizal na Hilux. Abin da za ku riƙe shi ne, batir yana bin inji ne da kayan wutar da aka ƙara, ba ya bin bodi. A nan lambar ƙarfin bugu ta fara yin amfani, domin babban inji mai matsi sosai yana son duka mai ƙarfi, musamman in ya yi zafi aka kashe aka zo tayarwa. Ku tambayi irin batirin da motar da aka ciro injin take amfani da shi, ku sa irinsa ko wanda ya ɗan ɗara.

Sannan ku zauna ku lissafa abin da kuka ƙara: fankar lagireto mai wuta, famfon mai na wuta, manyan fitilu, na'urar sanyi, da manyan sifiku da ake jin ku tun daga Gujungu. Duk waɗannan altanato ne ya kamata ya ɗauke su in mota na tafiya. In bai kai ba, batir ne yake cika giɓin, kuma komai girmansa zai ƙare. Ku zo da altanaton sabon injin tare da shi. In injin mai kwamfuta ne, ku sani ba ta son wuta ta faɗi sosai lokacin bugun kik, sai ta ƙi ba da mai ko tartsatsi.

Sau da yawa babban inji yana cinye mazaunin batir, sai a mayar da shi but. Ba laifi, ya ma huta da zafin inji. Amma da sharuɗɗa. Wayar da za ta taho daga baya ta zama mai kauri, irin ta masu walda, kada ta gaza kaurin ɗan yatsa. A sa babban fiyus kusa da batirin, domin in wayar ta goge da bodi a tsakiyar hanya, ba abin da zai tsayar da wutar. Duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A ɗaure baƙar waya a shasi inda aka kankare fenti da tsatsa, a kuma haɗa inji da shasi da wata mai kaurin. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka ko a sa shi a akwati mai bututu zuwa waje, ko a sayi AGM. Kuma kada a ajiye jarkar fetur kusa da shi, abin da na san ana yi.

Me ya sa batir ba ya daɗewa a nan kamar yadda ake cewa yana yi a Turai?

Abu uku ne: zafi, gargada, da zama.

Zafi yana hanzarta cin farantan ciki. Masana batir sun daɗe da lura cewa in zafin da yake zaune a ciki ya ƙaru da kamar digiri goma a kan 25, kwanansa yana raguwa da kusan rabi. Ka haɗa zafin bazara da na inji a ƙarƙashin bonet. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, batir ya fi mutuwa da safiyar hunturu, sai a ɗora wa sanyi laifi. Bazara ce ta cinye shi, hunturu ya zo ya tarar da shi ba ƙarfi, ga man inji ya yi kauri. In mazaunin yana kusa da bututun hayaƙi, a sa farantin ƙarfe a tsakani.

Gargada kuwa, duk wanda ya bi burji bayan damina ya san ta. Batirin da ba a ɗaure ba yana tsalle, abin da ke manne a farantai yana zubowa ƙasan akwati, ya taru har ya haɗa ɗaki. Igiyar roba ta tayar babur ba ɗauri ba ce. A yi masa maɗaurin ƙarfe da noti, a shimfiɗa roba a ƙarƙashi.

Motar sai ranar kasuwa ko biki take fita. Yaya zan yi?

Wannan shi ne na ukun, zama. Batir yana zubar da wutarsa da kansa ko ba a taɓa shi ba, kuma a zafi ya fi sauri. Tayar da mota minti biyar a ƙofar gida ba caji ba ne, ka ɗiba ne ba ka mayar ba, balle mai dainamo. Ko ka fita da ita tafiyar rabin awa ko fiye duk mako, ko ka cire baƙar waya in za ta kwana biyu. Mafi sauƙi yanzu da sola ta cika ƙauyuka: ƙaramin faranti mai wat 10 zuwa 20 tare da na'urar daidaita cajinsa. Kada a haɗa babban faranti kai tsaye.

In kana da mita, auna shi da safe kafin a tayar. Bolt 12.6 cike yake, 12.4 ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi, 12 kuwa ya kusa ƙarewa, a kai shi caji ranar. Wajen mai caji ka ce a yi masa a hankali, kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato amfiya 6 ga mai 60, ya kwana. Cajin gaggawa na awa ɗaya dafuwa ce.

In kuma kullum yana kwana cike ya tashi babu, akwai ɓarawo a wayarin. Kashe komai, cire baƙar waya, sa ƙaramin ƙwan fitila tsakaninta da kan batir. In ya kama, wani abu yana shan wuta. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ya mutu. Yawanci rediyo ne da aka haɗa kai tsaye, ko altanato da ya fara lalacewa.

Zan iya sa batirin sola a mota, ko in yi kallo da na mota da dare?

Ƙirarsu daban. Na mota farantansa sirara ne masu yawa, don ya yi duka ɗaya mai ƙarfi a mayar masa nan take. Na sola farantansa masu kauri ne, don a sha shi a hankali dare guda. In ka riƙa cire na mota kana kunna talabijin da cajin wayoyin unguwa har ya kwanta, 'yan watanni zai yi. Ranar ɗaurin aure ma da ake aron batir don lasifika, ka ba da tsohon.

Wane ruwa ake ƙarawa? Fiya wata ya yi?

Bai yi ba. Na rijiya da na burtsatse ma ba su yi ba, duk suna da gishirin ƙasa da ke lalata farantai. Tataccen ruwa ake sa wa, wanda aka turara aka tara, ana sayar da shi a shagunan batir. In ka rasa, ruwan sama da ka tara a tsabtatacciyar roba a fili, ba wanda ya biyo kwanon rufi ba, zai fitar da kai. Ya rufe farantai da kamar faɗin yatsa ɗaya, kada a cika shi fal.

Kada a ƙara asid. Ruwa ne yake ƙafewa, asid ɗin yana nan. Masu cewa za su wanke maka batir su zuba sabon asid ya dawo sabo, zai yi maka ƙarfi na sati biyu ya mutu gaba ɗaya. Haka masu jefa ƙwayar ciwon kai a ciki.

Farin garin da ke taruwa a kawuna kuwa, ruwan kanwa yana cinye shi, sai ka ga yana kumfa. A rufe murafan sosai kada ya shiga ciki, a ɗauraye, a goge, a ɗaure, sannan a shafa basilin. Wajen kwancewa a fara da wayar da ke tafiya bodi, wajen ɗaurawa ita ce ta ƙarshe. In ruwan batir ya fallatsa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Kuma ba a leƙa cikin batir da ashana.

Bakanikenmu yana cire kan batir mota na aiki don ya ga ko tana caji.

Ka hana shi. Dabarar zamanin dainamo ce. A mota mai altanato, batir ne yake shanye hawa da saukar wuta, in an cire shi wutar na iya yin tsalle ta ƙona altanaton, ko kwamfutar injin da kuka dasa. Mita ba ta kai kuɗin kaza biyu ba.

Yaya zan gane sabo na gaske a kasuwa? Na hannu fa?

Ɗaga shi. Dalma ce ke aiki a ciki, kuma dalma nauyi gare ta. Mai amfiya 60 na kirki yana kai wajen kilo 15. In an manna takardar 75 amma ka ɗaga shi da yatsu uku, takardar ce kawai 75. Ni ma an taɓa yi mini a wani shago, ina sauri ban ɗaga ba, yaro ya kai mini mota. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni kuwa ban ma san rariya na saya ba sai da na dawo gida.

Nemi kwanan watan da aka ƙera shi, yawanci a buge yake a murfi. Rufaffen da ya wuce wata shida a kan kanta cikin zafin shago ya fara tsufa. Ka sa a auna shi a gabanka, kada ya gaza 12.4. In busasshe ne da ake zuba wa asid ranar saye, wannan yana jure ajiya, amma a bar shi ya huta kamar awa ɗaya bayan an zuba, in da hali a ɗan yi masa caji kafin a ɗaura. Ka karɓi rasit mai kwanan wata da sharaɗin garanti a rubuce.

Na hannu caca ne. In dole ne, mita kaɗai ba ta isa ba, domin mataccen batir ma yana nuna 12 da ɗoriya in an sauke shi daga caji yanzu. A ɗaura shi a mota a buga kik ana kallon mita. In ya faɗi ƙasa da 9.6, ka mayar masa da kayansa.

Tsohon da na cire fa?

Kai shi shagon da za ka sayi sabo, za su rage maka kuɗi, domin ana narkar da dalmar a sake amfani da ita. Abin da nake roƙo shi ne kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida ko kusa da rijiya, kada kuma a bar yara su yi wasa da farantan. Mun ji abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta fito, amma dalmar ɗaya ce da wadda ke cikin batir, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Masu narkar da ita a tukunya a bayan gida don yin nauyin komar kamun kifi ko wani abu, su da iyalansu suke shaƙar hayaƙin. In za ka kai shi kasuwar Wudil ranar Juma'a ko wajen 'yan gwangwan, ka tsayar da shi a kan ƙafarsa cikin roba, murafansa a rufe, kada ka haɗa shi da buhun hatsi.